Waɗanda Suka Mayar da Gado da Tukwane Cikin Ɗaki: Marasa Aikin Yi a Amurka Bayan 1929

A makon jiya, bayan sallar isha'i, muna zaune a ƙofar gidan wani dattijo da nake ganin girmansa, tsohon ma'aikacin gwamnati mai yawan karance-karance, sai hira ta gangaro kan masu zaman jiran aiki. Wani matashi daga cikinmu ya ce da za su haɗa kai su kafa ƙungiya, da an ji muryarsu. Dattijon ya girgiza kai ya ce: "Ɗana, marar aiki ba ya ƙungiya. Mai aiki shi ke da abin da zai ajiye ya ce ya shiga yaji. Wanda ba shi da komai a hannu, me zai ajiye? Ku dubi Amurka lokacin da tattalin arzikinta ya karye. Haƙuri suka yi, suka bi layin karɓar abinci, har Allah ya kawo musu Roosevelt."

Ban yi masa musu a wurin ba, domin ba a katse babba a gaban jama'a. Amma maganar ta tsaya mini a rai, saboda na sha jin irinta daga bakin masu ilimi, kuma abin da ya faru a Amurka tsakanin 1930 da 1936 ya saɓa mata ƙwarai.

Matsayina shi ne marasa aikin yi na wancan zamani sun haɗa kai, sun yi daidai da suka haɗa kan, kuma kaso mai tsoka na tallafin da ake jingina wa Shugaba Franklin Roosevelt shi kaɗai, su ne suka matsa har aka ba da shi. Ina kuma ganin cewa ƙarfinsu ya fito ne daga ƙananan ayyukan da suka riƙa maimaitawa a cikin unguwanni, fiye da manyan jawaban da shugabanninsu suka yi a dandali.

Yadda abin ya same su

Kasuwar hannayen jari ta New York ta rushe a watan Oktoba na 1929. Bankuna suka shiga rufewa, masana'antu suka rage ma'aikata, har zuwa 1933 kusan mutum ɗaya cikin kowane ma'aikata huɗu ba shi da aiki, wato kimanin mutum miliyan 13. A lokacin gwamnatin tarayya ba ta da wani tsari na biyan wanda ya rasa aiki. Abin da ake da shi kawai shi ne sadakar coci-coci da ƙungiyoyin jinƙai, sai ɗan abin da ƙananan hukumomi suke bayarwa, wanda bai daɗe ba ya ƙare. Shugaba Herbert Hoover yana kan ra'ayin cewa ciyar da mabuƙata aikin maƙwabta ne da hukumomin gari, kuma idan gwamnatin tarayya ta shiga ba wa mutane kuɗi kai tsaye za ta kashe musu zuciya.

Akwai wani abu da alƙaluma ba sa nunawa, shi ne kunya. An rene Ba'amurke a kan cewa duk mai ƙwazo zai samu, don haka wanda aka sallama yakan ɗora wa kansa laifi. Magidanci zai sa kaya da safe ya fita kamar mai zuwa wurin aiki, don kada maƙwabta su gane. Duk wanda ya taɓa ganin mai gida ya koma ɗaki ya rufe ƙofa saboda ba shi da kuɗin cefane, ya san irin wannan hali. Mutum miliyan 13 da kowannensu yake ɓoye a ɗakinsa yana zargin kansa ba su da wata barazana ga kowace hukuma. Aiki na farko da masu shirya su suka yi shi ne fito da su waje, su ga juna, su gane cewa masifar da ta ci gida ɗaya ita ce ta ci layin baki ɗaya.

Ranar 6 ga Maris, 1930, aka yi gangamin marasa aikin yi a manyan birane, ciki har da New York da Detroit. Dubban mutane suka fito, 'yan sanda suka tarwatsa su da kulake, aka ɗaure wasu jagorori, har da William Z. Foster na jam'iyyar Kwaminis. Daga ranar ya zama da wuya jaridu da 'yan siyasa su ci gaba da cewa matsalar 'yar ƙarama ce mai wucewa nan da 'yan watanni. Sai dai gangami na yini ɗaya ba ya biyan kuɗin haya, kuma abin da ya biyo baya shi ya fi jan hankalina.

Kaya a bakin titi

A unguwannin talakawa aka kakkafa abin da suka kira majalisun marasa aikin yi. Galibi ɗan ɗaki ne ko shagon da babu kowa a ciki, inda mutanen layi suke taruwa. Aikinsu na yau da kullum iri biyu ne.

Na farko ya shafi korar 'yan haya. Idan mutum ya kasa biya, mai gida ya samo takardar kotu, ma'aikatan kotu su zo su fitar da gado da katifa da kujeru da tukwane su jibge a bakin titi, ko da kuwa ana zuba ƙanƙara. Da zarar an fara fitar da kayan sai a tura yaro da gudu ya sanar da majalisa. Kafin wani lokaci maƙwabta sun taru, maza da mata, su jira ma'aikatan su tafi, sannan su buɗe ƙofa su kinkimi kayan su mayar ciki. Inda aka yanke wuta ko iskar gas, akwai waɗanda suka iya aikin cikin waɗanda aka sallama daga masana'antu, su suke mayarwa. Mai gida kuwa, duk lokacin da zai sake korar sai ya sake biyan kuɗin kotu da na masu ɗaukar kaya, don haka da yawa sukan gwammace su zauna a sasanta.

Na biyu ya shafi ofishin tallafi. Macen da ta je ita kaɗai da 'ya'yanta tana roƙon takardar abinci ko gawayin ɗumama ɗaki, ana iya ce mata ta dawo mako mai zuwa, kuma haka za ta juya. Idan ta zo da mutum ashirin ko talatin daga layinsu, suka zauna a ofishin suka ce ba za su tashi ba sai an duba takardarta, lissafin jami'in yakan canza. Sannu a hankali 'yan majalisun suka haddace ƙa'idojin tallafin fiye da wasu ma'aikatan ofishin, suka zama masu shigar da ƙorafi a madadin jama'a.

Wannan aiki yana da tsada. Ranar 3 ga Agusta, 1931, a kudancin Chicago inda baƙaƙen fata suka fi yawa, jama'a suka taru don hana fitar da wata tsohuwa daga gidan da take haya. 'Yan sanda suka buɗe wuta, suka kashe baƙaƙen fata uku. Dubun dubatar mutane, baƙi da fari, suka raka gawarwakin. Bayan haka magajin garin, Anton Cermak, ya sa aka dakatar da korar 'yan haya na wani lokaci. A shekarar da ta biyo, lokacin da hukuma ta sanar da cewa za ta zabge tallafin abinci da rabi a birnin, ƙungiyoyin marasa aikin yi masu aƙidu daban-daban suka haɗu suka yi tattaki a tsakiyar gari a ƙarshen Oktoba na 1932, aka janye zabgewar.

"Me zai ajiye?"

Wannan ita ce tambayar dattijon, kuma tambaya ce mai nauyi. Gaskiya ne cewa marar aiki ba zai iya tsayar da inji ba. Amma yana da abubuwa biyu a hannunsa waɗanda masu mulki da masu masana'antu suke buƙata.

Na ɗaya shi ne shirunsa. Ana iya tafiyar da gari mai cike da mayunwata muddin kowannensu ya yarda ya ji yunwarsa a ɓoye. Ranar da suka daina, ofishin tallafi ba zai yi aiki ba, kotu ba za ta iya zartar da takardun kora ba, kuma magajin gari dole ya zaɓa tsakanin neman kuɗi da harbin jama'arsa. A watan Afrilu na 1936, da majalisar dokokin jihar New Jersey ta tashi ba tare da ta ware kuɗin tallafi ba, marasa aikin yi suka shiga zauren majalisar a Trenton suka zauna a kujerun 'yan majalisa fiye da mako guda, jaridun ƙasar suna ɗaukar labarin kullum.

Na biyu ya fi wannan muhimmanci, shi ne ƙin karɓar aikin wanda ya shiga yaji. A lokacin da mutane suke layi a ƙofar kowace masana'anta, babban makamin mai kamfani shi ne ya ce wa ma'aikacinsa: idan ba ka so, ga ɗari a waje suna jira. Abin da ya faru a Toledo ta jihar Ohio a 1934 ya nuna yadda ake karya wannan makami. Ma'aikatan kamfanin Auto-Lite, mai ƙera kayan lantarki na motoci, suka shiga yajin aiki suna neman a amince da ƙungiyarsu. Kamfanin ya ɗebo sababbin ma'aikata, kotu kuma ta taƙaita yawan waɗanda za su tsaya a ƙofa, yajin ya kama hanyar mutuwa. Sai ƙungiyar marasa aikin yi ta yankin, wadda mabiya wani jagoran 'yan ƙwadago mai suna A. J. Muste suka kafa, ta ƙi bin umarnin kotun, ta kawo dubban mutanenta suka kewaye masana'antar. Mutanen da ake tsammanin su ne za su ruga su karɓi guraben, su ne suka zo suka tare ƙofar. An turo dakarun jiha, an kashe mutum biyu, amma a ƙarshe kamfanin ya amince da ƙungiyar ma'aikatan ya kuma ƙara albashi.

Ina ganin wannan ita ce amsa mafi ƙarfi ga dattijon. Mutumin da yaransa suka kwana da yunwa, ga aiki a gabansa, ya ƙi karɓa domin na ɗan'uwansa ne, ya ajiye abu mai girman gaske. Kuma ba zai iya yin haka shi kaɗai ba, sai yana da ƙungiyar da ta riga ta tsaya masa ranar da aka fitar da katifarsa waje.

Cewa 'yan Kwaminis ne suka yi amfani da su

Wannan zargi yana da tushe, kuma bai kamata a share shi ba. Jam'iyyar Kwaminis ta Amurka ce ta kafa majalisun farko, kuma jam'iyya ce da take karɓar umarni daga Mosko. A daidai shekarun da take kuka da yunwar Chicago, miliyoyin mutane suna mutuwa da yunwa a Yukiren da wasu sassan Tarayyar Sobiyet sakamakon manufofin Stalin, ita kuwa tana musun hakan. A farkon shekarun ta ɓata lokaci mai yawa tana zagin 'yan Soshalis da sauran waɗanda ya kamata su zama abokan tafiya. An kuma sha samun taron da aka kira don maganar haya da gawayi, mai jawabi ya karkatar da shi zuwa kare Tarayyar Sobiyet, mutane suka watse.

Duk da haka, zargin bai kai inda masu yin sa suke so ya kai ba. Da farko, ba su kaɗai ba ne a fagen. 'Yan Soshalis sun kafa nasu kwamitocin a Chicago da Baltimore da New York, mabiya Muste sun yi ƙarfi a Ohio da Pennsylvania, kuma a 1936 waɗannan rassa suka haɗe a ƙungiya ɗaya ta ƙasa wadda David Lasser ya shugabanta. Sannan mafi yawan waɗanda suka ɗauki kujeru suka mayar cikin ɗaki ba su taɓa yankar katin jam'iyya ba. Sun zo ne saboda maƙwabciyarsu tana tsaye a kan titi da jariri a hannu.

Akwai kuma tambayar da ya kamata a yi wa masu zargin: ina sauran suke? Babbar tarayyar ƙungiyoyin ƙwadago ta Amurka a lokacin ta fi damuwa da ƙwararrun ma'aikata masu biyan kuɗin ƙungiya, kuma ta ci gaba da adawa da inshorar rashin aiki ta tilas har zuwa ƙarshen 1932. Manyan jam'iyyu biyu ba su aiko kowa unguwa ba. Wanda gidansa yake ci da wuta ba ya tambayar aƙidar mai miƙo masa bokitin ruwa, kuma laifin wanda ya tsaya daga nesa ya fi na wanda ya karɓi bokitin.

Dole kuma a faɗi wani abu da ya zama alheri a tarihinsu. A ƙasar da wariyar launin fata take doka a kudu kuma al'ada a arewa, waɗannan majalisu sun dage cewa baƙi da fari su zauna a ɗaki ɗaya, su yi tattaki a sahu ɗaya, kuma baƙar fata yana iya shugabantar reshe. Ƙungiyoyi ƙalilan ne suka yi haka a Amurkar 1931.

Haƙƙin mai gida fa?

Wannan ne ƙorafin da ya fi ba ni wahala, domin ni ma na yarda cewa haya bashi ce, kuma bashi abin biya ne. Ba duk masu gidajen haya ba ne attajirai. Akwai gwauruwar da gida ɗaya mijinta ya bar mata, da kuɗin hayar take ci, ga banki yana bin ta bashin gidan, ga haraji. Idan ɗan haya ya zauna wata shida bai biya ba kuma maƙwabta suka hana a fitar da shi, ita ma ta shiga cikin waɗanda aka zalunta.

Abin da nake gani shi ne, fitar da iyali a wancan yanayi bai mayar wa mai gida ko sisi ba. Babu sabon ɗan haya mai kuɗi da yake jira a waje, domin layin gaba ɗaya ba shi da aiki. Ɗakin zai zauna a rufe, yara kuma su kwana a sanyi. A wurare da dama hukumomin tallafi ba sa biyan haya sai an kai ga kora ko ana dab da ita, kuma matsin lambar da majalisun suka yi na daga cikin abin da ya sa aka fara sakin kuɗin hayar. Wato hanyar da ƙaramin mai gida zai ga kuɗinsa ita ce hukuma ta ɗauki nauyin, kuma hukumar ba ta motsa ba sai da titi ya cika. Dokar haya an yi ta ne don ranar da mutum ɗaya ya ƙi biya alhali yana da hali. Ranar da kwata na ma'aikatan ƙasa suka rasa abin biya ba da laifinsu ba, zartar da ita gida bayan gida zalunci ne da takardar kotu a hannu.

Da sun taimaki kansu kawai

Wasu za su ce maimakon zanga-zanga, da sun haɗa ƙarfi sun nemi na kansu. An gwada wannan, kuma an gwada shi da gaske. A Seattle, daga 1931, ƙungiyar marasa aikin yi ta shirya mutanenta suna saran itace a dazukan da aka ba su izini, suna tsince 'ya'yan itatuwa da dankalin da manoma suka kasa sayarwa, suna kamun kifi, masu aski da masu gyaran takalma da teloli suna musayar aikinsu da abinci. Tsari ne mai kyau da ya kare mutuncin mutane da yawa. Amma itace da dankali ba sa biyan kuɗin asibiti ko na haya, kuma da lamarin ya ƙara tsananta ƙungiyar da kanta ta koma neman hukuma ta saki kuɗi. Taimakon kai da kai yana riƙe mutum na ɗan lokaci, sai dai ramin da rushewar bankuna da masana'antu ta haƙa ya fi ƙarfin adashin talakawa.

To, Roosevelt fa?

Ba na rage masa komai. Ya hau mulki a watan Maris na 1933, a watan Mayu aka kafa hukumar agajin gaggawa ta tarayya da dala miliyan 500 ƙarƙashin Harry Hopkins. A 1935 aka buɗe babban shirin ayyukan gwamnati wanda ya ɗauki mutum fiye da miliyan 8 kafin a rufe shi a 1943, suna gina hanyoyi da makarantu da gadoji. Ranar 14 ga Agusta, 1935, ya sa hannu a dokar da ta kawo fanshon tsofaffi da inshorar rashin aiki, wadda sakatariyar ƙwadago Frances Perkins ta jagoranci tsara ta. Da wani shugaban ne, da ya ƙi yin haka.

Amma a duba jerin shekarun. Roosevelt ya yi yaƙin neman zaɓen 1932 yana sukar Hoover da yawan kashe kuɗi, yana alƙawarin daidaita kasafi. Buƙatar inshorar rashin aiki kuwa tana rubuce a allunan masu tattakin yunwa da suka isa Washington a watan Disamba na 1931 da kuma na 1932, lokacin da manyan 'yan siyasa suke kallonta a matsayin baƙon ra'ayi. Shi kansa Hoover, wanda ya daɗe yana ƙi, a watan Yuli na 1932 ya sa hannu a dokar ba wa jihohi rancen dala miliyan 300 don tallafi, bayan magadan gari sun yi ta gargaɗin cewa idan ba a turo kuɗi ba sai dai a turo soja.

Watanni huɗu kafin wannan, ranar 7 ga Maris, 1932, mutum dubu uku ko fiye suka taso daga Detroit cikin tsananin sanyi zuwa babbar masana'antar Ford da ke Dearborn, suna neman a mayar da waɗanda aka sallama, a daina nuna wa baƙaƙen fata bambanci wajen ɗaukar aiki, a ba su damar kafa ƙungiya. Aka tarbe su da barkonon tsohuwa da ruwan sanyi daga mesar 'yan kwana-kwana, sannan harsashi. Mutum huɗu suka mutu a ranar, na biyar ya cika daga baya. Duk ɗan siyasar da ya tsaya takara a kakar wannan shekara ya san da wannan labari.

Ko a lokacin da ake muhawara kan dokar 1935, akwai wani ƙudiri a gaban majalisar wakilai wanda Ernest Lundeen na Minnesota ya gabatar, kuma ƙungiyoyin marasa aikin yi ne suka tsaya a bayansa. Ya nemi a biya duk wanda ya rasa aiki, ba tare da ware kowace sana'a ko launin fata ba, daga aljihun gwamnatin tarayya. Kwamitin ƙwadago na majalisar ya amince da shi, zauren majalisa ya kayar da shi. Kasancewarsa a kan tebur ya sa ƙudirin gwamnati ya zama matsakaici a idon masu adawa, abin da za a iya haɗiyewa. Shugaba nagari yana buƙatar jama'ar da za su sa ƙin yin abu ya fi yin sa tsada, kuma Roosevelt ya samu irin wannan jama'a a shirye tun kafin ya shiga ofis.

Abin da ba su cimma ba

Ƙungiyoyin ba su ɗore ba. Mutum yakan shigo ranar da aka yanke masa tallafi, ya ɓace ranar da aka mayar, ko ranar da ya samu aikin mako biyu. Ba su da kuɗin shiga na kirki, domin ba a karɓar kuɗin ƙungiya daga wanda bai ci abinci ba. Da gwamnati ta tsara ofisoshin tallafi da ƙa'idojin shigar da ƙorafi, shugabannin suka koma zaman tebur da jami'ai a Washington, ƙarfin unguwa ya ragu. Rikicin aƙida ya ci gaba da cin su, Lasser ya fice a 1940, kuma da masana'antun yaƙin duniya na biyu suka buɗe ƙofa, ƙungiyar ta ƙasa ta mutu.

Ban ɗauki wannan a matsayin hujjar cewa aikin banza suka yi ba. Ƙungiyar marasa aikin yi ita ce ƙungiyar da kowane ɗanta yake addu'ar ya fita daga cikinta, don haka tsawon rai ba shi ne ma'auninta ba. Da yawa daga waɗanda suka koyi shirya taro da magana a gaban jami'i a waɗannan majalisu, su ne daga baya suka shiga masana'antun motoci da na ƙarfe suka kafa manyan ƙungiyoyin ƙwadago. Kamfanin Ford, wanda aka zubar da jini a ƙofarsa a 1932, ya sa hannu a yarjejeniya da ƙungiyar ma'aikatan motoci a 1941.

Gazawar da ta fi ci mini rai ita ce ta dokar 1935 kanta, wadda ta ware ma'aikatan gona da masu aikin gida, wato sana'o'in da mafi yawan baƙaƙen fatan kudu suke ciki. Mutanen da suka fi kowa shan wuya, kuma suka fi kowa fuskantar haɗari idan suka buɗe baki, su aka bari a waje.

Girman wannan haɗari yana bayyana a labarin Angelo Herndon, baƙar fata ɗan shekara 19. A ƙarshen watan Yuni na 1932 hukumomin yankin Atlanta ta jihar Georgia suka ce kuɗin tallafi ya ƙare, har wani jami'i ya ce duk mai jin yunwa ya zo ya nuna kansa. Herndon ya rarraba takardun kira, kimanin mutum dubu ɗaya, baƙi da fari, suka hallara a harabar kotun yankin cikin lumana. Nan da nan hukumar ta samo ƙarin dala 6,000 na tallafi. Bayan 'yan kwanaki aka kama shi yana karɓar wasiƙunsa a gidan waya, aka tuhume shi da yunƙurin tayar da bore a ƙarƙashin wata tsohuwar dokar jihar da asalinta ya koma zamanin bauta. A watan Janairu na 1933 masu taya alƙali hukunci, dukkansu fararen fata, suka same shi da laifi, aka yanke masa ɗaurin shekara 18 zuwa 20 na aikin gwale-gwale da sarƙa a ƙafa. Sai a 1937 Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu.